Jirgin Roba a Ɗakin Adda

Rafin da ya raba ni da mahaifiyata, in ka gan shi da rani sai ka yi mini dariya. Ka bar Jalingo, ka wuce Kona, ka saki kwalta ka yi ta hawa da gangara, za ka iske shi kwance a gindin tsauni, yashi zalla, shanu na tuƙa a tsakiyarsa. Amma bari damina ta kankama, ruwa ya sauka a kan duwatsu. Kafin ka gama alwala ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da saiwarsu. Babu kwale-kwale a wurin, don ba wanda zai sassaƙa jirgi saboda rafin da kan cika kwana uku ya janye. Mutanen rugarmu da ke hayin can jira suke yi, haka suka gada.

Shekarar da mahaifinmu ya kwanta, mun samu ruwan ya ja baya, muka ɗauko shi a kafaɗa muka tsallake, na sa shi a mota zuwa asibiti. Kwana biyu ya yi ya cika. Da muka juyo da gawarsa, muka tarar rafin ya rufe hanya. Tun hantsi muke tsaye a gaɓa har la'asar, mutanenmu na tsaye a ɗaya gaɓar, muna kallon juna. Mamaci ba ya jira, dole muka koma muka binne shi a maƙabartar gari. Mahaifiyata ba ta gan shi ba, kuma ban taɓa jin ta ce uffan a kan maganar ba.

To, dama ba da ni za ta yi maganar ba. Ni ne ɗan fari, kuma a wurinmu Fulani kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Kakata ce ta raine ni. Adda nake kiran mahaifiyata, kamar wata yayata, ita kuwa ba ta kiran sunana ko da kuskure. In tana da saƙo, sai ta dubi ƙanwata, autarmu da ke aure a nan rugar, ta ce, “Ki gaya wa mutumin Jalingo kaza,” alhali ga ni zaune a kan tabarma, taku uku tsakaninmu. Ɗakinta kuwa ban taɓa sa ƙafa a ciki ba tunda na yi wayo.

Da ƙafafunta suka fara kumburi, numfashi na sarƙe mata, na lallaɓa aka kawo ta gari da rani likita ya duba. Ya ce zuciya ce, ya ce irin wannan ciwo in ya tashi ba a kwana da shi a gida. Na gyara mata ɗaki a gidana da ke Nukkai, har da sabuwar katifa da fanka. Ta ce wa ƙanwata, “Ki gaya masa na ji.” Washegari da sassafe na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da ƙullin kayanta, tana jiran a mai da ita. A daminar da ta biyo ciwon ya tashi rafi na cike. Allah ya sa ta tsallake, amma ni na rame fiye da ita.

A ofis akwai abokin aikina, mutumin Kalaba, mun fi shekara goma teburina na kallon nasa. Ya gaji da ganina na zabga tagumi, ya tambaya, na zayyana masa. Hausarsa irin ta Jalingo ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

“Oga, wannan ba matsala ba,” in ji shi. “Ƙanina yana aiki injin a jirgi na wani babban mutum a Legas. Irin jirgi na shan iska, tana da ɗaki, tana da kicin. Babban jirgi ba ta iya zuwa bakin ƙasa, saboda haka kowane ɗaya yana da ƙarami na roba a baya. Ka busa iska, ka shiga. Ka gama, ka cire iska, ka sa a jaka.”

Na dube shi. Jirgi a jaka? Na ɗauka zolaya ce irin tasa, sai da ya nuna mini hoto a waya. Wallahi ranar ban iya aikin kirki ba. Abin da ya hana ni barci shekara da shekaru, ashe wasu na can suna rataye maganinsa a bayan jirginsu don kawai su je gaɓa su sha lemo.

Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Ƙanen nasa ya turo farashin sabo, na duba, na cire tabarau na goge na sake dubawa. Na ce a tambaye shi ko hannunsa ya zame ya ƙara sifili. Aka ce ba ƙari, wannan ma ba inji ne. Roba fa! Robar da ba abin da ke cikinta sai iskar Allah, a ce ta fi motar da nake hawa tsada. Na yi salati na ajiye wayar.

Daga nan na shiga yawon neman mai araha. Na zagaye babbar kasuwa rumfa rumfa, masu kayan wasanni, masu kayan kamun kifi, har masu gwanjo. Wani ya ce in je Ibi ko Lau a sassaƙa mini na katako kamar kowa, na ce wa zai ɗauke shi a ka ya hau tsauni da shi? Wani kuma ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Alhaji, Bafillace da jirgi? Saniyar za ka ɗora?” Duk rumfar aka kwashe da dariya. Na haɗiye, don mai nema ba ya fushi.

Rannan ina latsa waya sai ga talla: jirgin roba, mai cin mutum uku, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. A hoton har da wasu Turawa a ciki suna dariya. Abokina ya ce, “Oga, kar ka saya, wannan wasa ne.” Na ce baƙin ciki yake yi don ba ta hannun ƙanensa ya biyo ba. Na biya. Bayan mako biyu aka kira ni tasha, aka miƙo mini kwali, na karɓa da hannu ɗaya. Tun daga nauyin jikina ya yi sanyi. A gida na buɗe, na hura da baki, da bakina fa, cikin minti kaɗan ya tashi. Shuɗi ne, da zanen kifi mai murmushi, robar ba ta fi ledar burodi kauri ba. Matata ta fito daga kicin ta tsaya, ta riƙe haɓa, sannan ta zauna a ƙasa don dariya. “A wannan za ka ɗauko Adda?” Ba ta ce na gaya maka ba, ta dai ce araha ba ta ado. Har yau agwaginta ne ke wanka a ciki.

Na koma wurin abokina da wuya a karye. Bai yi mini gori ba, Allah ya saka masa. Ya ce in yi haƙuri, masu irin waɗannan jirage ba sa jiran abu ya mutu kafin su canza. Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarshen sanyi ƙanensa ya kira, ya ce maigidansa ya sayi sabo, tsohon na nan a jibge a sito, yana da faci biyu amma lafiyarsa lau. Kuɗin da aka yanka har yanzu da ɗaci, amma ana iya haɗiyewa. Na sayar da tsohon babur ɗina, na tura.

Wannan karon mutum biyu ne suka sauke jakar daga mota. Da muka warware shi a tsakar gida sai warin gishiri da kifi ya tashi, warin wata duniya da ban taɓa zuwa ba. Ruwan toka ne, robar kauri kamar fatar sa, da wani rubutun Turawa da baƙin fenti a gefe. Ga katakon shimfiɗa, ga filafili biyu, ga famfon da ake takawa da ƙafa. Na so in kai wa mai facin unguwarmu ya cika shi da inji, abokina ya daka mini tsawa. “Ba taya ba ne! Ka cika shi tam, rana na Jalingo ya buga shi, zai fashe kamar bindiga.” Ya koya mini yadda ake dannawa da babban yatsa a ji ya ɗan lotsa.

Mun gwada shi a wani gurbi mai zurfi a kogin da ke kusa da mu. Ni da ban iya iyo ba, na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani, na ƙanƙame igiyar gefe. Mu huɗu, ƙarti, abin ko gezau bai yi ba. Ina zaune a kan ruwa, a kan iska, ina jin sanyin kogi ta ƙarƙashin katako. Na ce a raina, shi ke nan, rafin nan ya gama raina ni.

Abokina ne ya ba da shawarar a ajiye jirgin a ɓangaren mara lafiya, ba a nawa ba. Ana cikin zafin bazara na ɗora shi a mota na tafi. Muka samu manyan itatuwa biyu, ɗaya a kowace gaɓa, muka ɗaura igiya mai kauri ninki biyu, can sama inda ruwa ba ya kaiwa, yadda za a iya ja daga kowane ɓangare. Sannan na hura jirgin a tsakiyar busasshen yashi, na koya wa mijin ƙanwata hurawa da sacewa da naɗewa har sau uku. Duk rugar ta fito kallo. Bappa, ƙanen mahaifinmu, tsoho mai ɗinkin fata da gyaran takalma, ya shiga ya zauna ya riƙe filafili, ya ce a tura shi Makka. Aka yi ta shewa. Ni kuwa ina ta bayani kamar mai wa'azi, kaina ya kumbura fiye da jirgin.

Adda na tsaye can nesa a inuwa. Sai da mutane suka ragu ta tako a hankali, tana hutawa. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta kama robar tsakanin yatsu biyu, ta murza, ta ja, kamar mai taya zane a kasuwa. Ta ce wa ƙanwata da Fillanci, “Tana da kauri.” Ta ƙara da cewa, “Ki gaya wa mutumin Jalingo a kai ɗakina. Ɓeraye sun yi yawa a rumbu.”

Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Adda ce da kanta ta ce a kai abin da na kawo ɗakinta. Duk hanya ina tuƙi ina murmushi ni kaɗai. Bayan nan na je gaishe ta ya fi sau biyar kafin ruwa ya yi ƙarfi. Kullum sai na tambaya, “Jirgi na nan?” Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce, “Jakar na nan, Yaya.” A kawo mini ruwa mai sanyi a ƙwarya in sha, in yi hamdala in tafi.

Ranar wata Talata ce cikin tsakiyar damina, an kwana ana ruwa. Ina ofis da hantsi wayar mijin ƙanwata ta shigo, sai ya hau tudu yake samun sabis, ina jin hakinsa. Ya ce jikin Adda ya tashi, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Na ce, “Ka hura jirgi, ga ni nan.” Na ƙara da cewa, “Kana ji na?” Ya ce, “Yaya, ka dai zo.” Wayar ta katse.

Ban san yadda na isa ba. Rafin ya cika har ya haura gaɓa, ƙararsa kamar ta injin niƙa goma. Igiyarmu na nan a sama, lafiya lau. A hayin can ga mijin ƙanwata, ga Bappa, ga wasu maza uku, a tsaye hannu rabbana. Babu jirgi, babu Adda. Na yi ihu, ruwa ya cinye muryata. Na buɗe hannuwa ina kwatanta jirgi, ina taka ƙasa kamar mai taka famfo, kamar mahaukaci. Suka dubi juna. Can mijin ƙanwata ya juya ya ɗauko wani abu a bayan itace, ya ɗaga shi sama da hannu biyu don in gani da kyau.

Guga ne. Gugan ɗiban ruwa a rijiya, da bakinsa na ƙarfe da igiyarsa. Ruwan toka. A gefensa ga rabin baƙin rubutun nan na Turawa.

Na yi mutuwar tsaye. Na rantse da farko ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓa, na ce ko wani faci ne ya ragu a jakar suka yi amfani da shi. Sai Bappa ma ya ɗaga nasa, wani kuma ya ɗaga na uku. Na zauna daɓas a cikin taɓo da kayan ofis. Abin da ya fito daga bakina bayan nan ba zan rubuta shi ba. Na zagi ƙauyanci, na zagi jahilci, na zagi tsohon da ya kamata in rusuna masa. Allah ya rufa asiri ruwa bai bar ko kalma ɗaya ta tsallaka ba.

Kwana uku rafin ya yi bai sauka ba. Na koma gari wurin likita ya rubuta magani, na kawo, aka jawo shi ta igiyar. A cikin gugan aka sa shi, don ba wani abin sakawa. Ina tsaye ina kallon guntun jirgina na lilo a saman ruwa, ɗauke da ƙwayoyi, shi da aka saya don ya ɗauki mutum huɗu. Da na gaya wa abokina, bakinsa ya daɗe a buɗe. “Sun yanka? Da wuƙa? Oga, jirgi na teku?” Ya dafe kai ya fita daga ofis.

A rana ta huɗu ruwan ya dawo iya ƙugu, na kama igiya na tsallaka. Kafin in kai gidanmu sai da na wuce rijiyoyi biyu, kowace da gugan ruwan toka a rataye. Na ga akuya ɗaure da igiyar robar, na ga wata mata sanye da takalmin da aka yi wa sabon maɗauri da ita. Duk inda na juya jirgina ne. Sai a lokacin na tuna ƙwaryar ruwan sanyin nan da nake sha ina hamdala.

Na tarar da Bappa a ƙofar bukkarsa, basilla a hannu. Ko gaisuwa ban yi ba.

“Bappa, kai ka yanka?”

“Ni na yanka.” Ko ɗar bai yi ba. “Guga tara na fitar. Ban taɓa ɗinka roba irin wannan ba, ko ɗigo ba ta yi.”

“Ka san abin da ka yanka? Ka san don me na kawo shi?”

“Na sani, ina ce a ciki na zauna.” Ya ajiye basillar. “Kai ma ka zauna. Kwana biyu da tafiyarka ta aiko a kira ni. Ita ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ita ta riƙe mini gefe ina yanka. Na ce mata yaron nan zai ji ciwo. Ta ce abin da ɗa ya ba uwarsa nata ne ko ba nata ba ne? Na ce nata ne. To, me zan ce kuma?”

Wannan ya fi na bakin rafi dukana. Kwana uku ina dafa fushina a kan cewa ba su san darajar abin ba, na shirya jawabin da zan yi musu kalma kalma. Ashe babu jahili a cikin maganar sai ni. Matar da ta murza robar nan ta ce tana da kauri, tun a lokacin ta gama auna guga nawa za ta fitar.

Ƙanwata ta fito tana kuka, ta ce Adda ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Na ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, ruwa ya sauka, mota na hayi, a kawo gadon kara mu ɗauke ta kafin wani hadarin ya haɗo. Ta shiga ta faɗa. Ta daɗe, sannan ta leƙo da wata irin fuska.

“Ta ce ka shigo.”

Na tsaya a bakin ƙofa ina duban ƙanwata, ko ban ji daidai ba. Na cire takalmi na sunkuya na shiga. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ga jeren ƙorai, ga jakar jirgin a kan maratayi, ba komai a ciki sai famfo da filafili. Adda na zaune an tokare ta da matasai, fuskarta na kallon bango, kafaɗunta na hawa da sauka. Ta ɗaga hannu ta yi wa ƙanwata alama ta fita. Muka rage mu biyu, abin da bai taɓa faruwa ba.

Sai ta kira sunana.

Na haura shekara hamsin ban taɓa jin yadda yake fita daga bakinta ba. Har na waiga in ga wa ake kira. Ta faɗe shi a hankali, kamar abin da aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati.

“Ka kai mahaifinka,” in ji ta, tana tsayawa tana jan numfashi. “Ba ka dawo mini da shi ba. Ban ce laifinka ne ba.”

Na ce, “Adda, likita ya ce in aka kai ki da wuri...”

“Na ji abin da ya ce. Ni ba ruwa nake tsoro ba. Tafiya ba wuya, ko a kafaɗa an tafi. Dawowar ce.” Ta nuna bayan ɗaki da haɓa, inda kaburbura suke. “Uwata na nan. Ƙannenka biyu da ba ka sani ba suna nan. In na ce maka a'a, za ka kawo wata dabarar. Kai ba ka gajiya, irin mahaifinka.”

Na buɗe baki in ce ai jirgin da ya kai ki shi zai dawo da ke, ai don haka na saye shi. Sai na fasa, don na san ba gaskiya ba ce. Duk watannin nan da na yi ina nema, ina lissafin mutum nawa zai ɗauka da yadda za a ja igiya, ko sau ɗaya ban yi tunanin dawowa ba. Hanya ɗaya na shirya mata, irin wadda na shirya wa mahaifina.

A waje na ji an ajiye gadon kara, maza na jira. Zan iya cewa a ɗauke ta. Ba ta da ƙarfin hanawa, kuma ba za ta yi mini gardama a gaban mutane ba, kunya ba za ta bar ta ba. Na zauna ina jin numfashinta, ina jin haushinta, ina jin tausayinta, duk a lokaci ɗaya. Na tashi na leƙa na ce su mai da gadon.

Kwana bakwai ta ƙara. Na ɗauki hutu na zauna, ina ba ta maganin da hannuna, tana karɓa ba musu. Ba ta sake kiran sunana ba, ta koma “ki gaya wa mutumin Jalingo”, amma ba ta ce in fita daga ɗakin ba. Ranar Juma'a da hantsi ta cika.

Har yau ban san ko na yi daidai ba. Likitan ya ce da an kawo ta wataƙila da ta ga wata daminar, wataƙila kuma a'a. Wani lokacin in na tuna sai fushin ya dawo mini sabo, in ji kamar in je in tsaya a kan kabarin in ce, Adda, da kin faɗa mini da baki. Sai kuma in tuna ta faɗa, tun ranar da na gan ta a bakin ƙofata da ƙullin kaya. Ni ne ban iya ji ba.

Matan da za su yi mata wanka suka ce a kawo ruwa. Maza suka miƙe, na ce kowa ya zauna. Na je rijiyar bayan gida na ɗauki gugan, wanda ke da rabin rubutun, na zura. Can sama hadari ya haɗu a kan tsauni, ina jin rafin ya fara ƙara daga nesa, ya rufe hanyar gari. Ba wanda ya damu, ba inda za mu da ita, kabarin taku kaɗan ne daga ɗakinta. Na jawo igiyar a hankali, gugan ya fito cike fal. Na riƙe shi a sama na ɗan lokaci ina duba ɗinkin Bappa. Ko ɗigo bai yi ba.